A fara koyon haske kafin a sayi kyamara

Yanzu a Musawa, kamar a Malumfashi da Funtua, da wuya a yi ɗaurin aure ba a ga samari uku ko huɗu sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto ba, kowa da sunan sitidiyonsa a Facebook. Wannan abin farin ciki ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda suke koyon sana'ar. Da yawansu data tana ƙarewa ne a kallon bidiyon da ake kwatanta kyamarar Canon da ta Sony, ko neman filtar da za ta mayar da amarya fara sol, har uwarta ta tsaya tana tantama ko 'yarta ce.

A ganina, abin da ya kamata mai koyon kansa ya sa a gaba shi ne haske, kuma makarantar haske kyauta ce. Ga ango baƙi cikin farar babbar riga, an fito daga masallaci da tsakar rana. Kyamara, ko ta waya ce ko babba, tana auna farin rigar nan, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi. Rigar ta fito, fuskar ta nutse, hula kuma ta jefa inuwa a kan idanu. Babu filtar da za ta dawo da abin da ba a kama ba tun farko. Amma ka ja angon zuwa bakin zaure, haske ya zo masa ta gefe guda, ka sa yaro ya riƙe farin zani ta ɗaya gefen, fuska za ta fito da kalarta ta ainihi. Irin wannan matsalar ce ke samun mai ɗaukar manomi a gaban tulin auduga lokacin kaka. Hazon hunturu ma da ake kuka da shi, yana tausasa rana yadda hoton fuska ke so.

Seydou Keïta na Bamako, wanda yau ake baje hotunansa a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, bai yi makarantar hoto ba. Kawunsa ne ya ba shi ƙaramar kyamarar Kodak a 1935, ya buɗe wurinsa a 1948, kuma galibin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida. Fati Abubakar ta Maiduguri aikin jinya ta karanta, sannan ta shiga ɗaukar rayuwar mutanen Borno ta yau da kullum a aikinta na Bits of Borno.

Ba ina cewa a bar YouTube ba ne. A zaɓi darasi ɗaya, kan saurin ƙiftawar kyamara misali, a sauke shi a waya, a fita a gwada har hannu ya saba, sannan a nemi na gaba. Saukewar nan ba ƙaramin abu ba ce a yankinmu, domin mun ga yadda aka katse layukan waya a Funtua da Malumfashi a 2021. Littafin da ke zuwa da kyamara kuwa, kusan ba wanda ke buɗe shi, alhali rabin tambayoyin da ake yi wa juna a WhatsApp amsarsu tana ciki.

Sai tsofaffin masu hoto, waɗanda suka yi zamanin fim mai hoto 36, lokacin da ba ka ganin kuskurenka sai an wanko. Yau yawancinsu sun koma ɗaukar fasfo, samari na yi musu kallon 'yan da. Ka kai wa ɗayansu hotunan bikin da ka ɗauka jiya, ka ce, "Baba, duba min." Ba zai tambaye ka sunan wayarka ba. Zai nuna maka sandar lantarki da ta tsiro a kan amarya, da ƙafar uban ango da ka yanke.