Littafin da ya tsaya a kan tsoro: sharhi a kan ƙarshen Bisharar Markus

Duk wanda ya karanta Bisharar Markus a zama ɗaya, kamar yadda ake karanta labari, zai yi karo da abin ɗaure kai a babi na 16. Mata uku, Maryamu Magadaliya da Maryamu uwar Yakubu da Salomi, suka yi sammako ranar Lahadi da kayan ƙanshi don su shafe gawar Yesu. A hanya damuwarsu ita ce wa zai ture musu dutsen da ke bakin kabari. Suka tarar an riga an ture shi, ga wani saurayi zaune cikin farar riga. Ya ce musu wanda suke nema ya tashi, su je su sanar da almajirai da Bitrus cewa a Galili za su gan shi. Matan suka fito a guje, jiki na ɓari, ba su ce wa kowa uffan ba saboda tsoro. Aya ta 8 ke nan, kuma a nan littafin ya ƙare a kwafi biyu mafiya tsufa da daraja, na Sinai da na Fatikan, dukkansu na ƙarni na 4.

Mai karatu Musulmi ya san aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta kore kisa da gicciye Annabi Isa, kuma wannan sharhi bai shiga waccan muhawara ba. Tambayata ta adabi ce. Marubuci ya kwashe babi 15 yana shirya mu don mu ga tashi daga matattu, har sau uku Yesu ya faɗi hakan da bakinsa a babi na 8 da na 9 da na 10, sai kuma aka hana mu ganin wanda ya tashi. Me ya sa?

Mutanen dā ma abin ya dame su. Ayoyi 12 da ake bugawa bayan aya ta 8 sun daɗe ƙwarai, don Ireniyus ya kafa hujja da ɗaya daga cikinsu wajen shekara ta 180, amma a ƙarni na 4 Yusibiyus ya ce ingantattun kwafi ba su da su. Ko kalmar da aya ta 8 ta ƙare da ita a Helenanci 'yar mahaɗa ce mai ma'anar "gama", irin wadda ba a saba rufe littafi da ita ba. Wannan na cikin abin da ya sa masani Bruce Metzger ya fi karkata ga cewa shafin ƙarshe ne ya ɓace tun kafin a soma kwafa. Mai yiwuwa ne. Sai dai in haka ne, tsautsayin ya faɗa daidai inda marubuci mai hankali zai so ya tsaya, domin tsoro shi ne zaren da aka saƙa littafin da shi tun daga farko.

A duba babi na 4. Guguwa ta taso a teku, almajirai sun firgita, Yesu ya tsawata wa iska, wuri ya yi tsit. Da a tatsuniya ne sai a yi murna. Markus kuwa cewa ya yi a lokacin ne babban tsoro ya kama su, bayan haɗarin ya wuce. A babi na 5 mutanen gari sun ga mai aljanun da sarƙa ba ta iya riƙe shi yana zaune da tufafi cikin hankalinsa, suka tsorata, suka roƙi Yesu ya bar musu ƙasa. Haukansa sun saba da shi, warkewarsa ce ta fi ƙarfinsu. A cikin babin dai akwai matar da ta shekara 12 tana zubar jini. Da ta warke ta zo tana rawar jiki don tsoro, ta faɗi a gabansa ta bayyana gaskiya duka. Ita ce, a ganina, mabuɗin babi na 16: tsoro bai hana ta ba da shaida ba, kuma ita aka yaba wa bangaskiyarta. A wajen Markus, duk inda ikon Allah ya kusanto mutum, abin da ke fara zuwa tsoro ne. Da matan nan uku sun fito daga kabarin suna guɗa, da sun saɓa wa littafin da suke ciki.

Akwai kuma wani juyi da marubucin ya yi. A babi na 1 an ce wa kuturun da aka warkar kada ya gaya wa kowa, ya fita ya baza labari. A babi na 7 an hana jama'a yaɗa warkar da kurma, suka ƙara himma. A waɗannan wurare, waɗanda aka ce su yi shiru sai suka yi magana. Yanzu da aka ce a je a faɗa, sai bakuna suka mutu. Frank Kermode, wanda manazarcin adabi ne, ya ba wannan ƙarshe muhimmanci a littafinsa na 1979 a kan Markus, kuma ya dace, don da wuya a ce wannan juyi haka kawai ya faɗo.

Kada kuma a ɗora wa matan laifin da ya fi nasu. Mazan tun a babi na 14 suka watse, har wani saurayi ya bar mayafinsa a hannun masu kamu ya gudu tsirara, Bitrus kuma ya yi musun sanin malaminsa sau uku, na farko a gaban wata baranya. Matan su ne suka tsaya daga nesa suna kallon gicciye, su suka ga inda aka sa gawa. Ga shi a zamanin maganar mace ba ta da nauyi. Yosifus, Bayahuden marubucin tarihi, ya ce ba a karɓar shaidar mata, Selsus kuma a ƙarni na 2 ya yi wa Kirista ba'a cewa addininsu ya dogara da abin da wata mace mai taɓin hankali ta gani. Bulus ma, da ya jero waɗanda suka ga Yesu a babi na 15 na wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya ambaci Kefas da sha biyun da mutum sama da 500, bai kawo sunan mace ko ɗaya ba. Matiyu ya sassauta lamarin, ya haɗa wa matan tsoro da farin ciki, suka ruga su kai labari. Luka ya ce sun kai, manzanni suka ɗauke shi tatsuniya. Markus kaɗai ya bar saƙon a hannun shaidu masu rauni a idon shari'a, ya kuma bar su a tsorace.

Wa aka rubuta wa wannan? Galibin masana suna sa littafin a wajen shekara ta 70, tsohuwar ruwaya kuma ta danganta shi da birnin Rum. A shekara ta 64 Sarki Niro ya ɗora wa Kirista laifin gobarar birnin, kuma Tasitus ya ruwaito cewa bayanan waɗanda aka fara kamawa ne suka kai ga kama sauran. Wato in littafin a Rum aka fara karanta shi, a cikin masu sauraro akwai wanda ya yi shiru don ya tsira, akwai ma wanda ya tona asirin ɗan'uwansa. Ga irin wannan mutum, ambaton Bitrus da suna a cikin saƙon saurayin ba ƙaramin abu ba ne. Kalmar Helenanci ta mai ba da shaida ita ce daga baya ta koma nufin wanda aka kashe saboda addini, kuma Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda shaida da shahada daga saiwar Larabci ɗaya muka aro su. Babi na 13 ya riga ya gargaɗe su cewa za a gurfanar da su gaban gwamnoni da sarakuna don su ba da shaida. Mai sauraron ya san matan sun yi magana daga baya, in ba haka ba daga ina labarin ya iso gare shi? Abin da ba a nuna masa ba shi ne yadda aka yi bakinsu ya buɗe, kuma daidai wannan giɓin yake zaune a ciki.

Shi ya sa ƙarin ayoyin nan 12 ba su gamsar da ni a matsayin rubutu. Sun sake gabatar da Maryamu Magadaliya kamar baƙuwa, alhali yanzun nan muka bar ta a bakin kabari. Sun tattaro bayyanuwa uku a gurguje, ba fuska, ba murya. Tsoro ya ɓace gaba ɗaya, aka maye gurbinsa da rashin gaskatawa, wanda laifi ne da ake tsawatarwa a kai, aka kuwa tsawatar. Sannan aka yi wa masu bi alkawarin alamu, har da ɗaukar macizai da shan guba ba tare da cutuwa ba. Wasu ƙananan coci-coci a yankin duwatsun Afalashiya na Amurka sun ɗauki wannan a zahiri, kuma George Hensley, wanda ya fi kowa yaɗa al'adar, saran maciji ne ya kashe shi a 1955. Wanda ya rubuta ƙarin yana son shaidun da hannunsu ba ya rawa ko da maciji suka riƙe, Markus kuwa bai taɓa nuna mana irinsu ba a duk tsawon littafinsa.