Mai Kallo a Matsayin Ɗan Wasa: Sharhi a Kan Cusa Sigogin Wasa Cikin Katun ɗin 'Yan Sha'awa, da Misali Daga Abuja

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an sami yawaitar gajerun finafinan zane mai motsi, wato katun, waɗanda matasa ke haɗawa da wayar hannu ko ƙaramar kwamfuta, su ɗora musu muryoyin Hausa, su saka a YouTube ko TikTok kashi-kashi. Waɗannan matasa ba ma'aikatan wani kamfani ba ne. Sha'awar wani shiri da suka taso suna kallo, ko wata tatsuniya da suka ji a gida, ita ke sa su kwaikwaya ko su yi mata ƙari. Su ne ake nufi da 'yan sha'awa a wannan maƙala.

Manufar maƙalar ita ce ta auna wata dabara da ta daɗe a tsakanin takwarorinsu na ƙasashen waje, wadda kuma kayan aikin yau suka kawo ta kusa da hannun kowa: cusa sigogin wasa cikin labari, ta yadda mai kallo zai amsa tambaya, ko ya warware matsala, ko ya zaɓi hanyar da labarin zai bi. Za a dubi abin ta fuskar adabin bakan Hausa, da ta jigo, da ta harshe. An ɗauki Abuja a matsayin fagen misali saboda dalilai biyu da za a bayyana a ƙasa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Dabarar

Ba yau aka fara bai wa mai kallo linzamin labari ba. A bikin baje kolin duniya na 1967 a Kanada an nuna fim ɗin Kinoautomat na ƙasar Cekoslobakiya, inda ake tsayar da majigi, 'yan kallo su kaɗa ƙuri'a a kan abin da tauraro zai yi. A 1983 Don Bluth ya zana Dragon's Lair, katun ne da sai ɗan wasa ya danna maɓalli daidai lokacin da ya dace, in ba haka ba jarumin ya halaka. Shirye-shiryen yara na Amurka irin su Blue's Clues (1996) da Dora the Explorer (2000) sun bi hanya mafi sauƙi: tauraro ya yi tambaya, ya yi shiru na ɗan lokaci, yaro ya amsa da baki.

'Yan sha'awa sun shiga fagen ne ta manhajar Flash da dandalin Newgrounds, inda katun da wasa suka cakuɗe. Fitaccen misali shi ne Homestuck na Andrew Hussie (2009 zuwa 2016), wanda ya haɗa rubutu da zane mai motsi da gajerun wasanni. Da farko masu karatu ne ke ba da shawarar abin da tauraro zai yi, amma daga baya mawallafin ya rufe wannan ƙofa ya riƙe linzaminsa. Wannan ja da baya yana da muhimmanci ga abin da za a tattauna a gaba.

3.0 Abuja da Shirin Bino and Fino

Dalili na farko na zaɓen Abuja shi ne yanayin harshenta. An kafa Babban Birnin Tarayya da dokar 1976 a ƙasar da Gbagyi da wasu ƙabilu ke zaune, gwamnati ta tare a Disambar 1991. Hausa tana da ƙarfi a kasuwanni da tashoshin mota da unguwannin gefen birni, amma yaran gidajen ma'aikata da yawa suna wuni cikin Ingilishi, daga aji har gaban talabijin. A ƙarshen 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa, sai kuma a Nuwambar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da janye ta. Ke nan nauyin sa yaro ya buɗe baki da Hausa ya ƙara komawa kan gida da abin da ake kallo a gida. Yaron da ke jin Hausa amma ba ya mayarwa, shi ne ainihin wanda wannan batu ya shafa.

Dalili na biyu shi ne shirin Bino and Fino, wanda Adamu Waziri ya ƙirƙira a Abuja, ya fara fitowa a 2010. Labarin wani yaro da 'yar'uwarsa ne da ke zaune a birni na zamani, tare da abokiyarsu Zeena, wata malam-buɗe-littafi mai abin al'ajabi, suna koyon tarihi da al'adun Afirka. Da Ingilishi aka shirya shi, daga baya aka juya shi zuwa wasu harsuna. Aikin ƙaramin kamfani ne, ba na 'yan sha'awa ba, amma ya cancanci zama ma'auni gare su, domin ya nuna cewa ƙaramin ɗakin zane a Abuja zai iya fitar da shirin da za a kalla har a ƙasashen waje.

Ƙarfin shirin yana ga zubinsa. Yaro ne ke jin ƙishirwar sani, ya yi tambaya, tambayar ta buɗe tafiya, tafiyar ta kawo amsa. Ya kuma nuna yaron Afirka a gida mai littafi da wutar lantarki, abin da katun ɗin waje ba su saba nunawa ba. Rauninsa ta fuskar wannan nazari shi ne, irin wannan zubi yana barin daɗin tambaya da daɗin ganowa a hannun taurari, yaron da ke gaban allo ya zama ɗan rakiya. A wannan giɓi ne ɗan sha'awa zai ga wurin saka wasa. Abin dubawa shi ne irin wasan da ya dace.

4.0 Matakan Sa Hannu a Adabin Baka

Mai sauraron adabin bakan Hausa bai taɓa zama kurma ba. Ana iya kasa sa hannunsa zuwa matakai uku.

Mataki na farko shi ne amshi. Mai tatsuniya ba ta farawa sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun amsa da ta zo mu ji ta. Idan aka zo waƙar da ke tsakiyar labari, yara ne 'yan amshi. Wannan sa hannu ba ya canza ko da gaɓa ɗaya ta labarin, amma idan babu shi hirar ta mutu.

Mataki na biyu shi ne warware matsala, kamar a kacici-kacici. A nan akwai doka, akwai ci, akwai faɗuwa, har da tara, domin wanda ya kasa sai ya ba da gari kafin a faɗa masa amsa. Duk abin da masana wasan kwamfuta ke lissafawa a matsayin sassan wasa yana cikin wannan tsohon tsari.

Mataki na uku shi ne yanke hukunci. Akwai labaran da ke ƙarewa da tambaya, kamar a ce wane ne ya fi jarumta cikin samari uku, ko wa ya cancanci auren yarinyar. William Bascom ya tattara irinsu daga sassan Afirka a littafinsa na 1975. Abin lura shi ne, sai bayan labari ya kammala ake miƙa wa masu sauraro alƙalanci. Ana ba su damar gardama a kan ma'ana, amma abin da ya faru ya riga ya faru.

Daga nan za a ga cewa zaɓen hanya a tsakiyar labari, wanda shi ne abin da ya fi burge matasa, shi kaɗai ne baƙo a cikin gidan.

5.0 Zaɓi da Jigo

Jigon tatsuniya yana tsaye ne a kan hali da sakamakonsa. Gizo makwaɗaici ne, mai wayon da ke kai shi ya baro shi. Idan aka tsayar da katun aka ce yaro ya zaɓa ko Gizo ya cinye abincin ko ya raba da Ƙoƙi, to ɗayan biyu zai faru. In yaro ya zaɓi rabawa, an sami wani tauraro mai kirki sanye da rigar Gizo, kuma babu sauran labari. In ya zaɓi cinyewa, horon da zai biyo baya ya koma kan yaron, ya fahimci cewa an yi masa tarko ne. Haka nan tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa: darasinta yana fitowa ne daga ganin yarinya biyu sun bi hanya ɗaya da hali daban. Wanda aka sa ya zaɓi hanya guda ya rasa kwatancin, alhali kwatancin shi ne jigon.

Akwai kuma lissafin wahala. Labarin da aka tsaga gida biyu har sau uku yana buƙatar gutsure 15 da ƙarshe 8, mai kallo kuwa gutsure 4 kawai zai gani a zama ɗaya. In aka tsaga sau biyar, gutsuren sun kai 63. Matashin da ke zane shi kaɗai, yana jiran wuta, yana sayen data da kuɗin aljihunsa, zai ƙare da rassa masu yawa waɗanda babu mai 'ya'ya a cikinsu. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Dalilin da ya sa yawancin masu wannan salo ke karkato da rassan su koma hanya ɗaya ke nan, kuma da zarar mai kallo ya gane zaɓinsa na jeka-na-yi-ka ne, sha'awarsa ta tafi.

Na uku shi ne ƙarko. YouTube ta cire alamomin dannawa da ake ɗorawa a kan bidiyo a Janairun 2019, labarai masu rassa da aka gina a kansu suka wargaje. An daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020. Kamfanin Netflix, wanda ya fitar da katun mai zaɓi na Puss in Book a 2017 da fim ɗin Bandersnatch a 2018, ya janye irin waɗannan shirye-shirye daga dandalinsa a 2024 da 2025. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara a Tatsuniyoyi da Wasanni, har yau ana karanta su. Aikin da ransa ke hannun maɓallin wani kamfani ba shi da wannan tabbaci.

6.0 Matsalar Harshe

Katun na yau da kullum taurari ne ke magana da junansu. Da zarar an saka wasa, dole shirin ya juyo ya fuskanci mai kallo, a nan kuma Hausa take da sharaɗin da Ingilishi ba shi da shi. Wakilin suna na mutum na biyu tilo yana rarrabe jinsi: ka da ki, kai da ke, naka da naki. Shirin da ya ce "ka ci nasara" ya fitar da 'yan mata daga wasan. Umurni tsurarsa, kamar "danna" ko "zaɓi", ba ya nuna jinsi, sai dai yana da kaushi idan ya yawaita, kuma ba ya aiki a tambaya ko yabo. Sigar "a danna" ta yi kama da sanarwar ofis. Mafita biyu sun rage: "ku", wadda ita mai tatsuniya ke amfani da ita, ta kuma dace da yadda yara ke taruwa a kan waya ɗaya, da "mu", wadda ke jawo yaro cikin ayarin taurari.

Matsala ta biyu ta rubutu ce. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, jimla ce ke fayyace ma'ana. Maɓalli kuwa kalma ɗaya yake ɗauka. "Gari" a kan maɓalli na iya zama birni ko na tuwo. "Kuka" na iya zama itace ko hawaye. "Fari" na iya zama launi ko rashin ruwan sama. Idan kuma manhajar ba ta da haruffa masu lanƙwasa, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. Ga yaron Abuja da Hausarsa ba ta nuna ba, wannan koyar da kuskure ne. Wajibi ne kowane maɓalli ya zo da hoto da murya.

A nan ne amshi da kacici-kacici suka yi wa zaɓen hanya fintinkau. Danna allo ba ya buƙatar harshe ko kaɗan, yaro zai iya gama wasan bai furta kalma ɗaya ba. Amma idan Gizo ya tsaya ya jefa kacici-kacici, ya yi shiru, ya nemi a ba shi gari, an tilasta wa harshen yaro motsi. Wannan ba ya buƙatar wata manhaja ta musamman, kuma zai yi aiki a waya, a talabijin, har da bidiyon da aka tura wa wanda ba shi da data.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa cusa wasa cikin katun abu ne mai tushe a adabin Hausa, muddin aka san matakin da aka ɗauka. Amshi da warware matsala suna ƙarfafa labari, suna da arha, suna sa yaro magana. Yanke hukunci bayan an ce ƙurunƙus yana buɗe muhawara tsakanin yara da iyayensu, kuma mai shiri mai kashi-kashi zai iya gina kashi na gaba a kan amsoshin da ya samu. Zaɓen hanya a tsakiyar labari kuwa ya fi dacewa da labaran yawon buɗe ido da na bincike, irin tafiye-tafiyen Bino da Fino, inda zaɓin ya tsaya ga wurin da za a fara zuwa, bai taɓa halin tauraro ba.

Saura aikin manazarta harshe. Har yanzu kalmomin da wasa ke buƙata, na farawa da tsayawa da sakewa da cin maki, kowane matashi da irin fassarar da yake yi musu. Sassan koyar da Hausa na jami'o'i da cibiyoyin nazarin harsunan Nijeriya su ne suka dace su tattara waɗannan kalmomi daga bakin 'yan dara da 'yan langa da masu kacici-kacici, su daidaita su, su miƙa wa masu zane tun kafin na aro su zauna daram.