Talaka, coci da akwatin zaɓe: sake karanta Thomas Frank

A 2004 Thomas Frank, ɗan jarida Ba'amurke da ya girma a jihar Kansas, ya fitar da littafinsa What's the Matter with Kansas?, wanda maɗaba'ar Agone ta Marseille ta buga da Faransanci a 2008 da sunan Pourquoi les pauvres votent à droite. Sunan Faransancin ya fi fito da tambayar fili: me ke sa talakan da kuɗin asibiti ke gagara ya jefa wa jam'iyyar attajirai ƙuri'arsa?

Amsar marubucin ita ce an yaudare shi. A ganinsa, jam'iyyar Ripablikan tana cika kunnen Kiristoci masu ra'ayin riƙau da batun zubar da ciki da na addu'a a makarantun gwamnati har su fusata su zaɓe ta. In ta hau mulki sai ta sassauta wa masu hannu da shuni haraji, sauran alkawuran kuwa a jingine su sai zaɓe na gaba. Inda littafin ya fi armashi shi ne tarihin jihar. Kansas ɗin da manomanta suka yi wa bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa bore a shekarun 1890, ita ce ba ta sake zaɓen ɗan Demokrat a takarar shugaban ƙasa ba tun 1964. Ya kuma nuna yadda zanga-zangar ƙin zubar da ciki da aka yi a birnin Wicita a 1991 ta jawo talakawan coci cikin jam'iyyar, har suka ture dattawanta masu sassaucin ra'ayi. Alƙalaminsa na da kaifi da ban dariya, ko da yake wani lokaci dariyar kan faɗa kan waɗanda yake cewa yana tausaya wa.

Raunin aikin yana gindinsa. Frank ya ɗauki bangaskiya tamkar tsabar da ake watsa wa kaza don a kama ta, ya ɗauki aljihu shi kaɗai ne maslahar gaskiya. To amma wanda ya yarda har zuciyarsa cewa ɗan tayi rai ne, in ya fifita wannan a kan albashinsa, lissafi ya yi, ko da mai karatu bai yarda da lissafin ba. Lauyan birnin New York da ke zaɓen jam'iyyar da za ta ƙara masa haraji, ba a cika cewa an yi masa rufa-ido ba, sai a ce mai aƙida ne.

Lokaci ma bai goyi bayan marubucin ba. A zaɓen 2016 kusan kashi 80 cikin 100 na fararen fata mabiya ɗarikun Ebanjelika sun zaɓi Donald Trump, mutumin da rayuwarsa ba ta yi kama da wa'azinsu ba. Ya naɗa alƙalai uku a Kotun Ƙoli, kuma ranar 24 ga Yunin 2022 kotun ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar. Alkawarin da Frank ya ce ba a nufin cikawa, an cika shi bayan shekara 49.

Akwai kuma abin da littafin bai tsaya a kai ba. Baƙaƙen fatar Amurka na cikin waɗanda suka fi kowa zuwa coci, Littafi Mai Tsarki ɗaya suke karantawa da fararen, amma mafi yawansu Demokrat suke zaɓa. Ke nan launin fata da tarihin bauta suna da hannu a abin da ake jingina wa addini shi kaɗai.

Kansas kanta ta ba kowa mamaki. A 2017 majalisar jihar, mai rinjayen ƴan Ripablikan, ta soke yawancin rangwamen harajin da gwamna Sam Brownback ya kawo a 2012, bayan baitulmali ya rame. Ranar 2 ga Agustan 2022 kuma, kusan makonni shida da hukuncin Kotun Ƙoli, aka yi ƙuri'ar raba gardama kan cire kariyar zubar da ciki daga tsarin mulkin jihar. Kusan kashi 59 cikin 100 suka ce a'a.