Doka da Faransanci, laifi da Hausa: sharhi a kan lafazin dokokin intanet na Nijar

Gabatarwa

Cikin shekaru biyar ƙasarmu ta samu dokoki da dama da suka shafi maganar da mutane ke yi ta salula da intanet. Akwai doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 wadda ke hukunta laifuffukan intanet. Akwai dokar 2020 da ta ba hukuma izinin sauraren wasu saƙonni, wadda majalisar dokoki ta amince da ita ran 29 ga Mayu, ƴan adawa kuwa suka ƙaurace wa zaman. A 2022 an gyara dokar farko, aka cire ɗaurin kaso game da ɓata suna da zagi, sannan a watan Yuni 2024 wata doka ta shugaban ƙasa ta maido da shi.

Masana shari'a da ƴan jarida sun yi magana da yawa a kan waɗannan dokoki. Mu namu aikin nazarin harshe ne, kuma ta nan za mu kama su. Abin da muke son nunawa shi ne an rubuta dokokin da Faransanci, alhali mafi yawan maganganun da za a auna da su ana furta su ne da Hausa ko Zabarmanci ko wani harshen ƙasa, sau da yawa ma da murya. Tsakanin bakin mai magana da teburin alƙali akwai rubutawa, akwai fassara, kuma dokokin da muka karanta ba su tsaya kan waɗannan matakai biyu ba. A nan ne ƴancin mutum ke iya salwanta.

Ba mu musun cewa ƙasa tana bukatar doka. Masu damfara ta salula suna nan, masu yaɗa hotunan mutane don tozarta su suna nan, ƴan ta'adda kuma a yankunan Tillaberi da Difa suna amfani da waya kamar kowa. Sukarmu ta tsaya ne ga lafazin dokar da yadda ake aiki da shi.

1. Aya ta 31 da wuyar fassararta

Aya ta 31 ta dokar 2019 tana hukunta wanda ya ƙirƙira, ko ya miƙa ma wani, ko ya yaɗa abin da ta kira « données de nature à troubler l'ordre public ». Hukuncin farko ɗaurin wata 6 ne zuwa shekara 3, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Gyaran 2024 ya kai ɗaurin shekara 2 zuwa 5.

Mu gwada mayar da wannan yanki Hausa. Ga abin da ke iya fitowa:

(1a) labarin da ya ta da hankalin jama'a
(1b) labarin da zai iya ta da hankalin jama'a
(1c) labarin da aka yaɗa don ya ta da hankalin jama'a
(1d) labari mai ta da hankali

Kowace ɗaya tana da hujja, amma laifi huɗu ne daban-daban. A (1a) sai an nuna cewa wani abu ya auku. A (1c) sai an tabbatar da niyya. A (1d) sifa ce aka liƙa ma labarin kansa. Wadda ta fi kusa da Faransancin ita ce (1b), kuma ita ce ba ta bukatar shaida ko ɗaya, domin ba labarin da ba zai iya ta da hankalin wani ba. Faransanci ya dunƙule waɗannan ma'anoni cikin « de nature à », Hausa kuwa tana tilasta mai fassara ya zaɓi lokacin aiki, ya faɗi ko abu ya faru ne ko ana zaton faruwarsa. Wuyar fassarar ba gazawar Hausa ba ce. Hausar ta tona abin da nassin asali ya bari a dunƙule.

Haka ma « ordre public ». In muka ce zaman lafiya, to abin da ke ɓata shi tarzoma ce ko fitina, abubuwan da ake gani da ido. In muka ce kwanciyar hankali, mun shiga cikin zukatan mutane, domin a Hausa tashin hankali yana nufin rikicin kan titi, yana kuma nufin damuwar uwar da ɗanta ke kwance ba lafiya. Labarin rasuwa yana ta da hankali, labarin tsadar hatsi ma haka. Abin lura kuma, ayar ba ta ce labarin ƙarya ba. A watan Maris 2020 an kama ɗan jarida Kaka Touda a Yamai saboda abin da ya rubuta game da wani da ake zaton ya kamu da cutar korona, kotu kuma ta yanke masa ɗaurin talala na wata 3. A lokacin annoba labarin cuta yana ta da hankali ko gaskiya ne ko ƙarya, ayar kuwa ba ta raba su ba.

2. Daga murya zuwa takarda

Kowa ya san yadda jama'armu suka rungumi saƙon murya na WhatsApp, musamman waɗanda ba su yi lakkal ba. In irin wannan saƙo ya zama abin tuhuma, dole wani ya rubuta shi, wani ya fassara shi, kafin ya shiga takardar bincike a komisariya ko wurin jandarma. Rubutun Hausa na yau da kullum kuwa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Mu dubi wannan jimla, « Sarki ya sauka », wadda a baki take da fuska uku:

(2a) Sarkii yaa sàuka. « Le chef est arrivé » ko « a abdiqué »
(2b) Sarkii yà sàuka. « Que le chef abdique »
(2c) Sarkii yâa sàuka. « Le chef finira bien par abdiquer »

Ta farko labari ce, ta biyu kira, ta uku hasashe. Ta farkon ma kanta ba a san ko murabus ake nufi ko isowar baƙo masauki ba sai an ji abin da ya gabata. A maye gurbin sarki da sunan wani mai mulki, za a ga cewa tsawon wasali ɗaya da saukar murya ɗaya su ne suka raba mai ba da labari da mai kiran a yi bore. Kunnen Bahaushe ba ya kuskure a nan. Takarda ce ke shafe bambancin, kuma alƙali takarda yake karantawa.

Misali na biyu shi ne ƴar kalmar nan « wai »:

(3a) An rufe kasuwa.
(3b) Wai an rufe kasuwa.

Mai faɗin (3b) ya janye jikinsa daga labarin, yana iya yiwuwa ma yana shakkarsa ne ko yana yi masa ba'a. Faransanci na da hanyoyin nuna haka, amma mai fassara cikin gaggawa yakan zubar da « wai » kamar wani cikon baki. Oswald Ducrot ya daɗe da bambance wanda ya furta magana da wanda ke ɗauke da nauyinta, kuma al'adarmu ta san wannan tun kafin shi: ba a kama mai shela da laifin saƙon da sarki ya ba shi. Aya ta 31 ta jera mai ƙirƙira da mai miƙawa da mai yaɗawa a layi ɗaya, hukunci ɗaya. Ke nan wanda ya tura saƙo cikin zauren danginsa yana tambaya « wai gaskiya ne? » lafazin doka ya hau kansa daidai da wanda ya ƙaga labarin.

3. Zagi, habaici da wasa

Ma'anar da dokarmu ta ba ɓata suna da zagi ta samo asali ne daga dokar Faransa ta 29 ga Yuli 1881 game da ƴancin jarida. Can an yi ta ne musamman don rubutun da aka buga. Hausa tana da jerin kalmomi a wannan fage waɗanda Faransancin doka ya tara cikin biyu: zagi, ashar, gori, ba'a, habaici, zambo, gugar zana, tsegumi, gulma, ƙazafi. Abin da ke raba su ba kalmomin da aka furta ba ne kawai. Sai an san wa ya faɗa, wa aka faɗa ma, a gaban wa.

Wasan taubasai shi ne babban misali. Abin da Bagobiri zai ce ma Bazabarme, ko Bafillace ya ce ma Babarbare, in aka rubuta shi tsirara aka fassara, ba abin da zai hana shi shiga ma'anar « injure ». Alhali wannan al'ada ce hukumar UNESCO ta sa cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014 da sunan Nijar, domin tana kashe fitina. Habaici kuwa akasin haka ne: yana iya ƙona mutum ba tare da kalma ɗaya mai muni ba. Dokar da ke duban kalma ta bar mahalli tana iya kama mai wasa ta saki mai cin mutunci.

4. Sauraro ko laɓe?

Dokar 2020 ta yi amfani da « interception ». In aka ce sauraren waya, an tausasa abin, domin sauraro ladabi ne, mai magana ya san da kai. Jin maganar mutane ba da saninsu ba, Hausa na kiransa laɓe, in hukuma ce ta yi kuma leƙen asiri. Zaɓen kalma a nan shi ke sa jama'a su gane girman abin da aka halatta.

Mukan ji ana cewa « vie privée » baƙon tunani ne, wai ba mu da kalmarsa. Gaskiya ne ba kalma ɗaya da ta yi daidai da shi, amma muna da sirri, muna da amana, muna da rufin asiri. Muna da zaure wanda baƙo ba ya wucewa, da sallamar da ake yi sau uku, in ba a amsa ba a juya. Bambancin shi ne tunanin Bature ya rataya ga mutum guda da haƙƙinsa, namu kuwa ya rataya ga abin da ke tsakanin mutane. Wanda aka laɓe ma wayarsa ba shi kaɗai aka taɓa ba, an taɓa amanar duk wanda ya yi magana da shi. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ce a ayarsa ta 29 ba a keta sirrin wasiƙa da sadarwa sai bisa sharuɗɗan da doka ta shata. Dokar 2020 ta sa izinin sauraren a hannun shugaban ƙasa, ba hannun alƙali ba. Ta bi sawun dokar Faransa ta 10 ga Yuli 1991, inda firaminista ke ba da izinin. Dalilan da ta lissafa, irin su tsaron ƙasa da haɗin kan ƙasa, suna da faɗi irin na « ordre public ».

In muka haɗa dokokin biyu za mu ga inda haɗarin yake. Ɗaya ta buɗe ƙofar jin maganar da aka yi a ɓoye, ɗaya ta sa ma'aunin laifi wanda ba ya da iyaka, tsakaninsu kuma ga rubutu da fassara da ba a tantance ba. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, amma da can iska ke tafiya da ita. Yau ana adana ta, ana iya fiddo ta bayan shekara, a karanta ta da wani harshe a gaban wanda bai ji muryar ba. Sakamakon da ya fi damunmu shi ne mutane su koyi yin shiru ko cikin dangi, tun ba a kama kowa ba.

Kammalawa

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan matsayi yana da nauyi: dokar da za ta iya ɗaure mutum shekara 5 saboda maganarsa ya kamata a iya faɗa masa ita da harshensa, ya fahimci inda laifi ya fara. Muna ba da shawara uku.

Ta farko, a yi fassarar hukuma ta waɗannan dokoki da Hausa da sauran harsunanmu. Duk inda masu fassara suka kasa zaɓe tsakanin ma'anoni, kamar a (1a) zuwa (1d), a mayar ma masu doka su gyara nassin asali.

Ta biyu, in ana tuhumar mutum a kan saƙon murya, muryar ita ce hujja. A saurare ta a gaban kotu tare da abin da ya gabace ta da abin da ya biyo ta, rubutun kuma ya nuna karin sauti da tsawon wasali a duk inda ma'ana ta dogara gare su, wanda ake tuhuma ya samu damar ƙalubalantar fassarar.

Ta uku ta shafe mu. Sassan nazarin harshe na jami'o'inmu sun horar da ɗalibai masu iya rubuta tatsuniya da waƙar baka da cikakken karin sauti. Wannan ƙwarewa ita ce kotuna ke bukata. Ya kamata mu buɗe darasin rubuta magana da fassararta don aikin shari'a, mu kuma tsara ƙaramin ƙamus na kalmomin wannan fanni tare da malaman sashen shari'a. Muna fatan abokan aiki masu nazarin Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci za su gwada aya ta 31 da nasu harsuna, mu kwatanta abin da ya fito.