Kalmar "Damuwa" a Cikin Littattafan Magani na Hausa: Tsokaci

Daga cikin rubuce-rubucen Hausa da manazarta ba su kula da su sosai ba, akwai ƙananan littattafan magani da ake sayarwa a kasuwanni da ƙofofin masallatai. Galibi an ciro bayanansu ne daga littattafan ɗibbu na Larabci, aka haɗa da abin da aka gada daga masu saiwa da ganye. Wannan tsokaci zai duba yadda suke bayanin abin da suke kira "ciwon damuwa", musamman inda suke ba da yansun a matsayin maganinsa.

Abu na farko shi ne sha'anin suna. Bahaushe bai yi talaucin kalmomi a wannan fage ba. Yana da fargaba da zullumi da tararrabi, ga wanda ke jiran wani mugun abu da bai zo ba tukuna. Yana da baƙin ciki da ƙunci da ɓacin rai, ga wanda abin ya riga ya sama. Waswasi daban ne, taɓin hankali ma daban. Amma waɗannan littattafai sukan tattara su duka a ƙarƙashin kalma ɗaya, watau damuwa, sa'an nan su ba da magani ɗaya. Ga likitoci kuwa, cutar da ake nufi tana da iyaka: baƙin ciki ko rashin sha'awar kome da ya zarce mako 2, tare da lalacewar barci da cin abinci, wani lokaci har da tunanin halaka kai. Suna linzami ne. Idan an kira wannan cuta da sunan da ake kiran tunanin bashi, to, za a ɗauke ta da sauƙin da ake ɗaukar tunanin bashi.

Magabatan da ake jingina maganar gare su ba haka suka yi ba. Ishaƙa ibn Imrana, likitan da ya zauna a Ƙairawani ya kuma rasu a farkon ƙarni na 10, ya keɓe littafi guda a kan cutar da suka kira malikhuliya, wadda suka danganta da rinjayen sauda'u a jiki. Ya bayyana alamominta da sabubbanta, ya kuma haɗa magani da gyaran abinci da lallashin mara lafiya da magana. An daina aiki da ra'ayin sauda'u, amma ɗabi'ar tantance cuta kafin a ba da magani ita ce gadon da ya kamata a riƙe, ita ce kuma aka yar.

Abu na biyu shi ne tsiron kansa. Yansun, wanda masana tsirrai ke kira Pimpinella anisum, asalinsa ƙasashen gabashin Bahar Rum ne, kuma a Masar ana dafa shi a sha kamar shayi, don kumburin ciki da tari. An gwada shi a kan ciwon damuwa a Iran: a Shiraz a 2017. An ga sauƙi, amma mutanen gwajin ba su kai 150 ba, mako 4 kawai aka yi, kuma dukkansu masu ciwon hanji ne. Wanda cikinsa ya lafa, ba mamaki ransa ya yi sanyi. Wannan bai isa hujjar cewa yansun na warkar da cutar mai tsanani ba, alhali littattafan sukan ce "mujarrabi ne" ba tare da wani sharaɗi ba.

Daɗin daɗawa, akwai wani ɗan itace mai siffar tauraro da ake kawowa daga Sin, wanda Larabawa ke kira yansun shi ma saboda kamar ƙanshi. Yana da ɗan'uwa na Japan mai dafi, wanda da wuya ido ya bambanta su in sun bushe. A 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi game da shayinsa, bayan jarirai sun yi ta jijjiga. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya wallafa ƙamusun sunayen tsirrai na Hausa, yana haɗa kowane suna da na kimiyya. Rashin bin wannan hanya a littafin magani ba ƙaramin sakaci ba ne. Haka kuma awo: "ɗan kaɗan" da "cikin hannu" ba su bambanta babba da yaro, ko mai juna biyu da wadda ba ta da shi.

Duk da haka, bai kamata a yi wa littattafan rashin adalci ba. Sun kai karatu inda asibiti bai kai ba, cikin Hausa mai sauƙi, sun kuma amince cewa ciwon zuciya ciwo ne, ba raki ba. Kuma tsiro ba abin rainawa ba ne: daga saiwar Rauwolfia aka fitar da maganin risafin a 1952, wanda aka yi amfani da shi ga masu taɓin hankali da masu hawan jini. Sai dai ƙarfin da ke sa saiwa ta yi magani, shi ne ke sa ta yi ɓarna, kamar yadda kowa ya sani game da zaƙami.

A taƙaice, gyara uku ake bukata daga marubutan: su rarrabe kalmomin da harshe ya riga ya rarrabe, su tantance tsiro da awonsa, su kuma faɗa wa mai karatu ƙarara cewa wanda baƙin cikinsa ya daɗe, ko ya fara ambaton mutuwa, a gaggauta kai shi ga likita.