Tocilar Leza: Tana Ganin Ƙetaren Kogi, Ba Ta Ganin Kunamar Ƙofar Ɗaki

Idan lokacin zuwa gida ya matso, ka san yadda jakar tsaraba take cika: turare, agogo, waya, takalman yara, sai kuma abu guda na musamman da za a miƙa wa Baba a ce "ga naka." A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shiga jerin, wato tocilar da ake cewa da leza take aiki, mai haska abin da ke nisan kilomita guda ko fiye. Wataƙila ka ga bidiyonta a WhatsApp. Mutum ya tsaya cikin duhu, ya danna, sai wani farin haske ya miƙe sambal ya soki sama kamar mashi. Nan take zuciya za ta ce maka, ai wannan ita ce ta dace da gonar Baba, ko a bai wa 'yan sintirin unguwa.

To ɗan'uwa, kafin ka zaro katin banki, dakata mu tattauna. Na riƙe irin wannan tocila kusan wata guda, aro daga wani abokin aiki, na yi ta fita da ita da dare a bayan gari nan Ingila. Ba zan kira sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, don ba wanda ya biya ni kuɗin talla, kuma abin da zan faɗa ya shafi jinsin ne baki ɗaya.

Sunan da masu sayarwa suke kiran su da shi shi ne LEP. Abin da ke fitowa daga bakinta ba lezar nan ba ce mai jan ɗigo da yara ke wasa da ita. A cikinta akwai wata 'yar ƙaramar leza mai shuɗin haske, wadda ake harba wa kan wani ɗan sinadari rawaya da ake kira fosfo. Sinadarin ya sha shuɗin ya mai da yawancinsa rawaya, su haɗu su ba da fari, sannan gilashin gaba ya tattara farin ya tura shi waje a miƙe. Sirrin duka yana cikin ƙanƙantar wurin da hasken ke tasowa. Ɗigo ne ɗan mitsitsi, kuma gilashi ya fi iya saita hasken da ya fito daga ɗigo fiye da wanda ya fito daga faffaɗan wuri. Masu motoci ma sun yi amfani da dabarar, BMW da Audi sun sa ta a fitilun wasu motocinsu masu tsada a 2014. A shekarar ce kuma Shuji Nakamura da abokansa biyu 'yan Japan suka karɓi kyautar Nobel saboda ƙirƙiro shuɗin LED, wanda shi ne kakan duk wannan harka.

Bari in fara da yabo, don ta cancanta. A gefen wani tafki na saita ta ga bishiyoyin ƙetare, waɗanda tocilar gida ba ta ma san da zamansu ba, sai ga rassa ɗaya bayan ɗaya kamar an zana su da alli. Abin da bai fi tsawon tafin hannu da 'yan yatsu ba, yana yin aikin da a da sai babbar fitila da janareta. Ƙirar ma ba laifi, ƙarfe ne mai nauyi a hannu, ruwan sama bai dame ta ba. Wallahi daren farko sai da na yi ta murmushi ni kaɗai kamar yaron da aka saya wa keke. Idan aikinka shi ne ka tsaya wuri guda ka duba wani abu can nesa, ban taɓa riƙe abin da ya kai ta ba.

Amma zo mu duba lambobin da ke jikin kwali, don a nan ne ake yi wa mutane wayo ba tare da an yi musu ƙarya ba. Ɗauki guda biyu da aka sani. Fenix TK30 an rubuta mata lumen 500 da nisan mita 1,200. Acebeam W30 ita ma lumen 500, amma nisan mita 2,408. Lumen shi ne jimillar hasken da fitila ke fitarwa, kuma 500 ba wani abin a zo a gani ba ne, ƙwan fitilar falonka ya fi haka. Abin da ya bambanta su da sauran shi ne kandela, wato tsananin hasken a tsakiyar inda aka saita shi: 360,000 ga ta farko, 1,450,000 ga ta biyu. Ruwa ne bokiti guda, amma an matse shi ta bakin sirinji.

Shi kuma nisan, ta ina aka samo shi? Akwai wata ƙa'ida ta Amurka mai suna FL1 da kamfanoni ke bi tun 2009. A ƙa'idar, nisan tocila shi ne inda haskenta ya ragu ya koma luks 0.25, kwatankwacin hasken farin wata daren sha huɗu. Ka gane? A mita 1,200 ɗin nan, abin da ya isa wurin bai wuce hasken wata ba. Kai kuma kana nan tsaye, fiye da kilomita guda daga wurin, kana so ka tantance ko mutum ne ko kututture. Da rana tsaka ma da ƙyar ido zai yi wannan aikin, balle da hasken wata. Haske yana raguwa ne da ninkin nisa sau kansa, don haka tocila mai kandela 360,000 tana ba da luks 1 a mita 600, luks 4 a mita 300. A gwajina, wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta a nan ne nake iya cewa ga abu, ga kamanninsa. Bayan nan sai dai ka ce akwai wani abu a can. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Wannan ma ba shi ne babban aibinta ba. Babban aibin yana nan kusa da ƙafarka.

Tocilar da muka taso da ita, mai batir Tiger Head biyu ko uku, tana da haske mai ƙarfi a tsakiya, sannan wani mai laushi ya bazu a gefe. Wannan na gefen ba ma lura da shi, amma da shi muke tafiya. Shi ke nuna maka rami, da igiyar akuya, da bakin rijiya. Tocilar leza ba ta da shi ko kaɗan. Da'ira ce guda mai kaifin baki, cikinta rana, wajenta duhu ƙirin. Idan ka yi lissafi da lambobin can na sama, a nisan mita 100 faɗin da'irar wajen mita 4 ne, kamar ɗaki guda. A mita 10 ta koma faɗin faifai. A taku uku ko huɗu kuwa bakin kofi ce, kuma ƙarfin hasken da ke cikinta ya kusa na rana. Ka haska ƙasa gabanka, hasken ya dawo ya buge maka ido, ka ɗago kai ka tarar ba ka ganin komai na ɗan lokaci. Na gwada tafiya da ita a wata 'yar hanyar ciyawa, ban yi taku hamsin ba na kunna fitilar waya.

Yanzu ka tuna me Baba yake yi da tocila. Zai fita alwalar asuba. Zai zagaya bayan gida. Zai leƙa turken awaki idan ya ji motsi, ko ya duba rumbu. Duk cikin mita goma zuwa ashirin ne. Kuma abin da ke kashe manomi da dare a ƙasarmu ba ya tsayawa a kilomita guda, yana kwance ne a gefen hanya cikin ciyawa. Ba banza aka yi cibiyar jinyar saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe ba, kububuwa ce ke cika ta da mutane. Tocilar da za ta nuna maka ƙetaren kogi ta bar maka kububuwa a duhu taku biyu daga ƙafarka, ni ban ga tsarabar da ke cikinta ba.

To 'yan sintiri fa, ko mai gadin gona? A nan sai na ƙara yin taka-tsantsan, domin maganar rai ce. Iskar Ingila mai laima ce, kuma ko a cikinta kana ganin sandar hasken tun daga inda ta faɗa har zuwa hannun mai riƙe da ita. Ka kai ta gida lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hazo ya cika sama. Ƙura za ta cinye mata nisan da ka biya kuɗi dominsa, sannan ta zana layi fari ƙal da ke nuna wa duk wanda ke daji daidai inda mai tocilar yake tsaye. Shi yana ganin da'irar mita huɗu, su suna ganinsa daga ko'ina. A garuruwan da 'yan bindiga suka addaba, ka yi tunani sau biyu kafin ka damƙa wa ƙaninka abin da zai yi masa shela. Ƙari a kan haka, farin nata mai sanyi ne, ya karkata zuwa shuɗi, launuka suna fitowa a koɗe. Jar saniya da baƙa-baƙa daga nesa kusan ɗaya suke.

Sai batir. Yawancinsu da 21700 suke aiki, sunan ma awonsa ne, kauri milimita 21, tsawo milimita 70. Batir ne mai kyau, ana yi masa caji, amma ba irin wanda za a aiki yaro shagon Malam ya sayo ba ne. Ranar da ya mutu, tocilar fam ɗari biyu ta zama abin danne takarda. Idan har za ka kai, ka haɗa da na biyu, ka kuma tabbata akwai sola ko wurin caji a kusa.

Kuɗin kuwa, da wuya ka sami ta gaske ƙasa da fam 100, da yawa sun haura 200. Wannan ya kawo mu ga waɗanda suka cika intanet, fam 15 ko 20, an rubuta musu leza da lumen 100,000, wasu har kusan miliyan. 'Yar'uwa, ke da kike sayayya da tsakar dare a waya, wannan naki ne. LED ce ta yau da kullum da gilashin da ake ja gaba da baya, babu leza a ciki. Lissafin ma ya tona musu asiri. Kafin a sami lumen 100,000 ana bukatar wutar da ta kai wat 500 ko fiye, alhali batir 21700 mai kyau abin da ke cikinsa duka wajen wat 18 ne na awa guda. Minti biyu zai yi ya ƙare, in bai narke ba kafin nan. Tocilar Imalent MS18, wadda aka rubuta mata lumen 100,000, batir takwas take ɗauka, har da fanka a ciki don sanyaya ta. Idan ka ga ƙatuwar lambar lumen a jikin tocilar da ake kira leza, wannan kansa alama ce ta jabu, domin ta gaske lumen ɗinta kaɗan ne.

Ga mu da ke zaune a nan kuma akwai maganar doka. A Birtaniya, dokar 2018 kan wasa da leza ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda ya haska ta ga jirgi ko mota ya ɗauke wa direba ido. A Amurka ma shekara biyar ce tun 2012 ga mai saita leza ga jirgin sama. Kada ka ce ai taka farin haske take fitarwa. Dokokin sufurin sama na Birtaniya sun hana haska wa matuƙin jirgi kowane irin haske da zai dame shi, kuma ba ka son ka tsaya gaban alƙali kana bayanin fosfo. Da yawanmu muna zaune ne a unguwannin da jirage ke ratsawa za su sauka Heathrow ko Manchester, kuma abin da yaro zai fara yi idan ta shiga hannunsa shi ne ya saita ta sama. Na biyu shi ne ya saita ta a idon ƙanwarsa. Ka ɓoye ta yadda kake ɓoye magani. A gida ma ka ja kunne kada a kai ta wurin mai gyaran rediyo ya buɗe. Muddin sinadarin nan da gilashin suna wurinsu, farin haske ne ke fita. Idan aka cire su ko suka fashe, abin da ya rage tsurar leza ce mai iya lalata ido kafin mutum ya ƙifta.

Wa ya kamata ya saya ke nan? Mai kwalekwale a Yawuri ko a tafkin Chadi da ke neman gaɓa ko wani jirgin da dare, zai ji daɗinta, domin a kan ruwa babu ramin da zai faɗa, kuma siririn haske bai cika dawowa ido daga saman ruwa ba. Masu aikin ceto. Mai babban garke ko gandu da ke da wurin tsayawa a sama, wanda kuma yake da wata fitilar ta daban don ƙafarsa. Ga waɗannan kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Akwai ma wasu, irin Nitecore P35i, da suka haɗa leza a tsakiya da ƙananan LED a kewaye don a sami na nesa da na kusa, sai dai ba su da arha. Ga Baba kuwa, da kuɗin guda ɗaya za ka saya masa tocilar LED mai kyau da ke kai mita ɗari biyu ko uku tana kuma haska gefe, ka ƙara da fitilar goshi don hannunsa ya huta, da 'yar sola ta caji, ka kuma yi wa Inna ragowar canji.

In kuma ka riga ka saya, jirginka jibi ne, to ka cire batirin ko ka ɗan kwance murfin baya yadda ba za ta kunna kanta cikin kaya ba, don zafin bakinta a kusa yana iya ƙona tufafi. Batirin da ba ya cikin na'ura ba a sa shi a akwatin da za a auna, a jakar hannu ake riƙe shi, kowanne cikin 'yar robarsa ko a manne bakinsa da salatif kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi.