Haddar lambobi ba ta isa ba

Ɗan littafin koyon Koriyanci da na aro, rubutacce da Faransanci, ya jera lambobi layi biyu: hana, dul, set na gida, il, i, sam da aka aro daga Sinanci. Sai ya ce a haddace. Shi ke nan fa! Bai faɗi inda kowane layi ke aiki ba, alhali nan gizo ke saƙa. Ƙarfe uku da minti talatin "se si samsip bun" ne: awa da ƙidayar gida, minti da ta aro, set kuma ya gajarce ya koma se.

Mu wannan bai kamata ya firgita mu ba. Goma tamu ce, ashirin da talatin daga Larabci suka zo, kuma a kasuwa dala ashirin sefa ɗari ce. A ciniki muka koye su.

Aikatau ma littafin ya zuba shi irin na Faransanci: ni, kai, shi. Amma na Koriyanci ba ya canzawa don ni ko kai, wanda ke gabanka yake dubawa. Kalmar tafiya "ga" ce da aboki, "gayo" da baƙo, "gamnida" a gaban taro. Wanda ya tsaya ga hadda kaɗai, wallahi ranar farko zai yi wa dattijo rashin kunya da nahawu mai kyau.